Kafin Ki Hau Adaidaita Sahu: Yadda Nake Shirya Wayoyin 'Yan Shagona

Ni tela ce. Shekara goma sha ɗaya ke nan ina da shagon ɗinkin mata a wajen Gadon Ƙaya, a Kano, kuma yanzu haka 'yan mata bakwai ne ke koyon aiki a hannuna. Iyayensu ne suka kawo min su, suka ce ga amana. Aikinmu kuwa ba ya tafiya sai da aike. Yau zare ya ƙare, gobe zif, jibi a je Kantin Kwari a nemo shafin da zai shiga da leshin amarya, ko a kai wa mai kaya ɗinkinta har gida. Duk wannan zirga-zirgar a adaidaita sahu ake yin ta.

Shekara uku da suka wuce, ana saura kwana shida ƙaramar Sallah, na aiki babbar cikinsu kasuwa bayan la'asar. Ta dawo dab da magariba, ta ajiye ledar kaya, ta hau keke ba ta ce uffan ba. Sai da na ga ta ɓata wuyan riga har sau biyu, yarinyar da hannunta ba ya kuskure, sannan na ja ta bayan labule. A nan ta gaya min. Wani magidanci ne ya shigo ya zauna kusa da ita, ya yi ta matso ta, har ya ɗora hannu a cinyarta ta saman hijabi. Ta yi ta matsawa har ta manne da ƙarfen gefe. Ta ce wa direba ya tsaya, ya ce nan ba wurin tsayawa ba ne. Wayarta tana cikin jaka, da kati, da caji. Na tambaye ta me ya hana ta kira ni. Ta ce, "Anti, in kira in ce me? Kuma idan Baba ya ji, shi ke nan na daina zuwa shago."

Na kwana da wannan amsar a raina. Waya tana hannunta amma ba ta amfane ta da komai ba, saboda ba ta san wa za ta kira ta ce masa me ba, kuma tsoron abin da zai biyo bayan kiran ya fi mata abin da ake yi mata nauyi. Abin takaicin shi ne, adaidaita sahun nan domin mata aka kawo shi. Gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau ce ta shigo da shi a 2005 don mata su daina hawa bayan 'yan acaɓa. Da aka hana acaɓa a birnin Kano a farkon 2013, sai ya zama abin hawan kowa, maza da mata a kujera ɗaya, kafaɗa da kafaɗa. Bayan Sallar nan na tara yaran, muka rufe shago rabin yini, muka bi wayoyinsu ɗaya bayan ɗaya. Abin da zan rubuta a nan shi ne abin da muke yi tun daga ranar, da gyare-gyaren da muka yi a hanya.

Abu na farko da nake gaya wa kowace yarinya shi ne, kada ki fara da latsa waya, ki fara da mutum. Waya kamar igiyar guga ce, sai da mai riƙe da bakinta a sama take ɗebo ruwa. Ki zaɓi mutum biyu, ba goma ba. Ɗaya mace wadda ba kya jin nauyin gaya mata komai, uwa ce, ko yaya, ko uwar ɗaki. Ɗayan kuma wanda zai iya tasowa ya zo inda kike cikin ƙanƙanin lokaci, mai babur ko mota, yayanki ko kawunki ko maigidanki. Ki zauna da su ido da ido, ba ta saƙo ba, ki ce, "Na sa ku a wayata. Idan kun ga kirana sau biyu a jere, ko salla kuke, kuna sallamewa ku neme ni." Sannan ku tsayar da abin da za su yi idan kiran ya zo. A shagona tambayar farko ita ce "Kina ina?", ta biyu "Akwai mutane kusa da ke?" Babu "Me ya kai ki can?", babu "Wane kaya kika saka?" Waɗannan tambayoyin sun fi rashin caji kashe waya, domin yarinyar da aka yi wa su sau ɗaya ba za ta sake kira ba. Ni ce ta farko ga yaran nan bakwai muddin suna kan aikena, ƙanena kuma mai gyaran babur a bayan layinmu shi ne na biyu. Idan akwai yarinya a waje, wayata ba ta shiga jaka. A kan teburin yanka take, ƙararta a ƙure.

Akwai labarin wata abokiyar sana'armu a Legas da ya daɗe yana ci min rai. Shekararta 22, mai ɗinki kamar yaran nan. Ranar 26 ga Fabrairun 2022 da daddare ta shiga bas ɗin BRT daga wajen Lekki za ta Oshodi. Da ta ga direban ba ya ɗaukar wasu fasinjoji, hankalinta ya ƙi kwanciya, sai ta tura wa ƙawarta saƙonnin murya da lambar motar. Bayan kwanaki aka tsinci gawarta. Saƙonnin nan ne suka kai ga motar da direbanta, kuma a watan Mayun 2025 kotu a Legas ta yanke masa hukuncin kisa. Yarinyar ta yi abin da ya dace, ƙawarta ma ba ta da laifi. Amma na gane cewa shaida, duk ƙarfinta, bayan abu ya faru take aiki. Abin da zai iya aiki kafin ya faru shi ne mai mugun nufin ya ji da kunnensa cewa wani a waje ya san inda kike, kuma yana tafe.

Shi ya sa muke da kira iri biyu. Na farko na kowa ya ji ne. Da zarar kin shiga abin hawa zuciyarki ta ƙi kwanciya, ki kira mutuminki, ki ɗaga murya yadda direba da na kusa da ke za su ji: "Yaya, ga ni a adaidaita mai lamba kaza, yanzu muka wuce Ɗan Agundi, ka fito bakin titi ka jira ni." Kada ki ji kunyar a ce kin cika surutu a waya. Mai irin wannan hali wadda ta yi tsit yake nema, wadda ya tabbata babu wanda zai ji. Sau da yawa wannan kiran kaɗai ya isa hannu ya koma inda ya fito.

Na biyu na lokacin da faɗin gaskiya a fili zai ƙara miki haɗari ne, misali ke kaɗai ce mace a ciki kuma direba ya saki hanya. A nan ake bukatar kalmar sirri, wato maganar da duk wanda ya ji zai ɗauka hirar yau da kullum ce, amma mutuminki ya san ma'anarta. Tamu ta farko, wadda muka riga muka canza, ita ce, "Anti, baƙin zaren nan babu shi a kasuwa." Baƙin zare ba ya yankewa a kasuwar Kano, saboda haka ba zan taɓa rikita ta da maganar aiki ba. Ke ma ki nemi taki daga cikin harkarki. Idan na ji ta, ba na kashe waya kuma ba na ihu. Tambayoyi nake yi waɗanda za ta amsa da i ko a'a. Kina cikin adaidaita? Ya bar babban titi? Maza ne a ciki? Za ki iya sauka idan ya rage gudu? Ina cikin yin haka wata yarinyar tana kiran ƙanena da wata wayar.

Lambar abin hawa kuwa, kafin a shiga ake ɗaukarta. Ba na son yaran su ɗaga waya a bakin titi suna ɗaukar hoto, zan zo kan dalili. Ki karanta da ido yayin da yake tsayawa, ta baya ko wadda aka rubuta a jikinsa, ki riƙe ta a ka, kina zama ki tura. Idan rubutu zai ɓata miki lokaci, danna alamar makirufo a WhatsApp ki faɗa da baki: lamba, inda kika hau, inda za ki. Idan babu lamba, ko an rufe ta da sitika, bar shi ya wuce, wani na tafe. Masu kiran mota ta Bolt ko Uber an sauƙaƙa musu, don manhajar tana nuna sunan direba da lambar mota, kuma akwai madannin tura wa wani tafiyarki. Sai dai ki tabbata lambar da ke waya ita ce a jikin motar kafin ki buɗe ƙofa.

Sai lokeshan, wato wayarki ta riƙa nuna wa mutuminki inda kike a taswira. A WhatsApp, buɗe hirarki da shi, taɓa alamar maƙalin takarda da ke gefen wurin rubutu (a iPhone alamar tarawa ce), ki zaɓi lokeshan. Za ki ga zaɓi biyu, kuma a nan mutane da yawa suke kuskure. Na ƙasa wurin da kike a daidai lokacin kaɗai yake turawa, ya daskare a nan ko kin kai Zariya. Na sama shi ne mai tafiya tare da ke. Shi za ki taɓa, sai ya tambaye ki tsawon lokaci: minti 15, awa 1, ko awa 8. Aiken kasuwa awa 1 muke sa masa, idan ta jinkirta ta sabunta. Yana bukatar data, kuma sai kin kunna alamar lokeshan da ke fitowa idan kin jawo saman allo. Mai kallo ma sai ya san hanyar, in ba haka ba ɗigo kawai zai gani yana motsi. Akwai ranar da na ga ɗigon wata yarinya ya bar titin BUK ya shige lungu. Nan take na kira. Ashe cunkoso direban yake kauce wa. Ba mu yi asarar komai ba sai kati kaɗan, shi kuma ya ji cewa ana biye da fasinjarsa.

Amma ki yi hattara da wanda kike bai wa wannan. Ba a tura shi babban zaure mai mutum ɗari, kuma idan kin isa ki koma hirar ki tsayar da shi. Saurayin da ya ce kullum sai kin kunna masa na awa 8 ba tsaron lafiyarki yake ba, sa ido yake, kuma ranar da kuka ɓata ya riga ya san duk inda kike zuwa da lokacin da kike fita.

Akwai lokacin da ko buɗe WhatsApp ba zai yiwu ba. Wayoyin Android daga na 12 zuwa sama suna da hanyar gaggawa: idan kin danna madannin kunna waya sau biyar da sauri, za ta ƙirga 'yan daƙiƙoƙi sannan ta yi kira da kanta, ko da allo a kulle yake. Shiga saitin waya, a wurin nema ki rubuta SOS, haruffa uku, domin Tecno da Infinix da itel da Samsung kowa da inda ya ajiye shi. A yawancinsu za ki iya canza lambar da za a kira, wasu kuma har saƙo suke tura wa mutanen da kika zaɓa, ɗauke da wurin da kike. Akwai zaɓin ta yi jiniya ko ta yi shiru. Ni shiru nake sa wa yaran, don a cikin abin hawa jiniya hannun mugu take jawowa kan wayar. A iPhone, madannin gefe da ɗaya daga cikin na ƙara ake riƙewa tare, kuma bayan kiran takan tura wa mutanen gaggawarki saƙo da wurin da kike.

Saitawa ba ta isa ba, sai an gwada. Ba a fafe gora ranar tafiya. Tsoro idan ya zo hannu rawa yake, kai kuma ya ɗauke, abin da yatsa ya saba kaɗai yake iya yi. Ki sa lambar mutuminki, ki gaya masa gwaji ne, sannan ki gwada hannunki a cikin jaka ko ƙarƙashin hijabi, ba tare da kin kalli wayar ba. Mu duk Asabar ɗin farkon wata muke yi kafin a hau kekuna. A gwajin ne muka gano wata yarinya madannin wayarta ya lotsa, sai an danna da farce, aka kai aka gyara.

Uku daga cikin yarana ƙananan wayoyi masu madannai ne da su, kuma ba na ganin an bar su a baya. Ta wani fannin ma sun fi, don cajinsu kan yi kwanaki kuma ɓarayi ba su cika kula su ba. A cikin saitin kira akwai wurin ɗora wa kowane madanni lambar mutum, daga 2 zuwa 9. Ki ɗora ta farko a 2, ta biyu a 3. Riƙe madannin kawai za ki yi kira ya tafi, kuma yatsa yana gane shi a duhun jaka. Lambar gaggawa ta Najeriya 112 ce, kyauta ce, tana shiga ko babu kati. 'Yan'uwanmu na Nijar kuma 17 ce ta 'yan sanda. Ki kira su idan abu ya kai, amma kada hakan ya hana ki kiran naki mutumin, don shi ya san muryarki kuma ya san hanyarki. Idan kati ya ƙare, *303# ita ce ta rancen kati a duk layukan Najeriya tun 2023. Yarinya ba ta fita aikena da caji ƙasa da rabi. Kuma kowace sai ta haddace lambobin nan biyu kamar yadda ta haddace gwajin kwastoma, don waya tana iya barin hannu, ki koma roƙon ta wani.

Wannan ya kawo ni kan dalilin da na ce ba na son ɗaga waya. Duk mazaunin Kano ya san 'yan ƙwacen waya, kuma ya san da wuƙa suke yawo. Abin da kika ɗauko don kare kanki yana iya zama abin da zai jawo miki wani bala'in. Wayar ta zauna ƙarƙashin hijabi ko cikin jaka, ki sa abin ji a kunne ɗaya, ɗaya kunnen ya ji abin da ke kewaye da ke. Idan mai makami ya ce ki ba shi waya, miƙa masa. Ana sayen wata. Tun yau ki danna *#06#, lambar jikin wayarki mai alƙaluma 15 za ta fito, ki rubuta a takarda ki ajiye a gida. Ki sa wa allo makulli, ki sa wa layinki lambar sirri, ki kunna tabbatarwa mai mataki biyu a WhatsApp, don kada wanda ya ƙwace ya shiga hotunanki ko ya riƙa roƙon kuɗi da sunanki.

A cikin turmutsutsun kasuwa kuma, inda 'yan goge suke fakewa da cunkoso, baki ya fi waya sauri. Ki juya ki ce da ƙarfi, "Malam, cire hannunka daga jikina!" Kada ki tsaya jiran jama'a su kawo ɗauki, ki ware mutum ɗaya ki kira shi: "Baba mai shago, ka ga abin da yake yi min?" Wanda aka kira kai tsaye yana jin nauyin kawar da kai. Ki shiga shago mafi kusa, musamman mai mata a ciki, sannan ki fito da waya. Wadda kuma bakinta ya mutu a lokacin, ta kasa cewa komai, ba laifinta ba ne. Firgici yana yin haka ga manya ma.

Bayan kin samu wuri mai aminci, sai ajiye shaida. Yawancin wayoyi suna da abin naɗar murya, har da ƙananan. Ki fito da shi fuskar allo, idan kin ji wani iri ki kunna tun kafin magana ta fara, yana ɗauka ko a ƙarƙashin hijabi. Ko ba ki naɗi komai ba, kafin awa ɗaya ta wuce ki tura wa mutuminki saƙon murya: rana, lokaci, wuri, kamanninsa, kayan jikinsa, abin da ya faɗa da abin da ya yi. Abin da kika tuna yau, jibi rabinsa ya zube. Idan ta waya yake damunki, ki ɗauki hoton allo yadda lambarsa da kwanan wata za su fito, ki tura wa mutum na biyu, sannan ki toshe shi. Kada ki goge saƙonnin don ɓacin rai.

Abin da nake hana yaran shi ne watsa hoton mutum a Facebook ko TikTok cikin fushi. Ba don ina tausayin mai laifi ba. Hoto a cunkoso yana iya kama wanda ba shi ba, kuma mun san abin da taron matasa kan yi wa wanda aka nuna. Ana iya juyawa a kai ki ƙara kan ɓata suna. Sannan sunanki da fuskarki idan suka fita ba sa dawowa, ke za a yi ta tattaunawa a zaure-zaure, shi a manta da shi. Ba cewa nake a yi shiru ba. Matan da suka yi tattaki a kasuwar Yaba ta Legas a Disambar 2018 kan 'yan kasuwar da ke jan hannun mata, da waɗanda suka fito da labaransu a intanet ƙarƙashin gangamin ArewaMeToo a 2019, sun buɗe bakin da ya daɗe a rufe. Amma wannan shawara ce da ake yankewa da sanyin rai, tare da manya ko lauya.

Inda za a kai shaidar ya danganta da girman abin. Kasuwanni suna da shugabanni, 'yan adaidaita suna da ƙungiyoyi a tashoshinsu, kuma da lamba a hannu ana iya nemo direba. Mun taɓa yin haka kan wani da ya riƙa bin wata yarinyata da maganganun banza har ƙofar shago, shugabanninsa suka zaunar da shi a gabanmu, bai sake biyo layin ba. Akwai ofishin 'yan sanda, akwai Hisba, akwai ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA mai taimakawa kyauta. Kada ki je ke kaɗai. Taɓa jikin mace da nufin keta mutuncinta laifi ne a dokar Final Kod da ake aiki da ita a Arewa. Dokar hana cin zarafin mutane ta VAPP, wadda aka sa wa hannu a 2015, ta ƙara da bibiyar mutum da tsoratar da shi. Kai tsaye a Abuja take aiki, jihohi kuma kowace sai ta amince da tata. Hukumar NAPTIP mai yaƙi da fataucin mutane ce ke kula da ita a Abuja, lambarta 627.

Idan kuwa abin ya kai ga fyaɗe, Allah Ya kiyaye, asibiti ne farko, kafin komai. Maganin kariya daga cutar ƙanjamau cikin awa 72 ake fara shi, bayan nan ba ya aiki. In da hali kada a yi wanka, kada a wanke kayan. A Kano akwai cibiyar Waraka a asibitin Murtala, a Kaduna akwai cibiyoyin Salama. Ki san wadda ta fi kusa da ke tun ba ki bukace ta ba, wataƙila maƙwabciya za ki raka.

Wayar nan kuma ƙofa ce da ake shigowa ta ita. Lambar yarinya tana fita ta hannun mai caji, mai gyara, mai tura kati, ko takardar da aka ce kowa ya rubuta lambarsa. Idan za ki ba da caji ko gyara, cire layi da katin ajiya. A saitin sirri na WhatsApp ki mayar da hoton fuskarki da shigar da ke zaure ga waɗanda ke cikin lambobinki kaɗai, ki kunna abin da ke hana kiran baƙuwar lamba yin ƙara. Wanda ya tare ki a hanya ya nace sai kin ba shi lamba, kuma kin ga ƙi zai zama rigima, ki ba shi, ki toshe shi idan kin isa gida. Kada ki ba da ta ƙarya, don yawancinsu a nan take suke kira su ji ko za ta yi ƙara. Kwastomomi maza da ke kawo ɗinkin matansu, lambar shago nake ba su, ba ta yara ba.

A Masar wasu mata huɗu sun kafa HarassMap a Disambar 2010. Mace za ta tura saƙo ba tare da sunanta ba, ta faɗi abin da aka yi mata da wurin, sai ya fito ɗigo a taswira. Sun gina shi a kan Ushahidi, manhajar da 'yan Kenya suka ƙirƙira a 2008 lokacin rikicin zaɓe, kuma ma'anar sunan da Sawahili ita ce shaida, kalmar da mu ma muka sani. Abin da ya fi burge ni ba taswirar ba ce. Masu aikin sa-kai ne suke ɗaukar ta su je unguwa, su nuna wa masu shaguna da masu gadi, su ce ga abin da ke faruwa a ƙofarku, ku daina kawar da kai. A 2014 Masar ta sanya tsangwamar mata cikin laifukan da doka ke hukuntawa. Mu tamu taswirar bayan littafin gwaji ce. Duk wadda aka yi wa wani abu za ta rubuta wuri da lokaci, ba suna. Cikin wata huɗu muka ga wata kwana ɗaya ta fito sau biyar, duk bayan magariba, inda wasu samari ke zama. Ni da telar da ke maƙwabtaka da ni muka kai wa mai unguwa da liman. Aka yi wa iyayen samarin magana, aka sa fitila a wurin.

Iyaye, wannan naku ne. Idan 'yarku ta zo ta ce an taɓa ta a hanya, kuka karɓe wayarta kuka hana ta makaranta ko shago, ita kuka hukunta, shi kuma gobe yana nan a kujerarsa. Ƙannenta suna kallo, kuma sun koyi cewa faɗa wa Baba asara ce. Na san tsoro ne ke sa ku, ni ma uwa ce. Amma mace za ta fita, ko asibiti ne, ko gidan biki, ko Islamiyya. Gara ta fita da lambar mahaifinta a madanni na 2, tana da tabbacin idan ta kira zai ce "Kina ina?"

A watan jiya aka kawo min sabuwar yarinya, mahaifinta ya ce ba zai ba ta waya ba sai ta yi aure. Ban yi jayayya da shi ba, 'yarsa ce. Na sayi ƙaramar waya mai madannai da kuɗin shago, na sa mata layi da sunana, na ɗora lambata a 2, ta ƙanena a 3. Tana rataye a ƙusa kusa da ƙofa, gefen tef ɗin awo. Duk wadda za ta fita aike ba ta da waya, ita take ɗauka, idan ta dawo ta jona ta a caji ta mayar.